Ranar da Na Koya wa Sojan Ruwa Zaman Kwalekwale

Fararen takalma na fara gani da na iso bakin gulbi, kuma ba na jin zan manta da su har in tsufa. Wani dattijo mai kaftani ne yake riƙe da su a leda, yana jiran kwalekwale kamar kowa, don ruwa ya yanke hanyar Guri.

Ni kuwa duk a ƙage nake. A ranar zan karanta tarihin baƙon makarantarmu, wani babban hafsan sojan ruwa ɗan yankinmu, ga shi na makara. (Malama ta zaɓe ni ne don ba na tuntuɓe a karatu, ba don ina da baki ba. Gaisuwata ma da ƙyar ake ji.)

Muna tsakiyar ruwa dattijon ya miƙe yana kallon gonakin shinkafar da suka nutse. Kwalekwale ya karkata, ruwa ya fantsamo wa takardata. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Baba, zauna mana. Nan ba mota ba ce. In ba ka saba da ruwa ba, ka riƙe gefe."

"To, 'yata," ya ce, ya zauna.

Da ma a nan na tsaya. Sai na tura masa ƙwaryar kwasar ruwa. Ya naɗe hannun riga, ya yi ta kwasa har gaci. Na dira da gudu, ko waiwaye ban yi ba.

A wurin taro, na kai daidai inda baƙon ya ja ragamar jirgin yaƙi a teku, na ɗaga kai. Farin kaki, zinariya a kafaɗa, ga takalman nan a ƙafa. Layukan takarda suka cakuɗe mini. Sau uku ina maimaita "a teku".

Baƙon ya karɓi lasifika. "Ku yi mata uzuri, kwamandata ce. Tun safe take bakin aiki." Ya zayyana komai, har da ƙwarya, ya ce sai yaransa na Legas sun ji wannan. Har Malama sai da ta share hawayen dariya da bakin mayafi.

Tun ranar na gane mai shiru gara ya riƙe shirunsa. In kuma faɗan ya zama dole, ya fara tambayar mutum sana'arsa.

Da ya miƙo mini kyautar littafi, na durƙusa na ce:

"Ranka ya daɗe, in ka je Legas, don Allah kada ka ce 'yar Guri ce, ka ce 'yar Jahun ce."