Uban da Ke Kiwon Ɗigo

Duk unguwar nan babu uba kamar Yallaɓai Ido-Ba-Barci, kuma shi ne mutum na farko da ya shaida hakan. Sauran iyaye 'yan tsohon yayi sai sun tashi sun leƙa ɗaki kafin su san ko ɗansu yana gida. Shi kuwa Allah ya hutar da shi wannan wahala. Tun da ya yi ritaya ya zama shugaban ƙungiyar iyayen makaranta, aka sa masa wata manhaja a waya mai nuna ɗan shuɗin ɗigo a kan taswira. Ɗigon nan wayar autansa ce, yaro ɗan shekara goma sha uku. Inda ɗigo yake, nan Auta yake. Magana ta ƙare.

"Tarbiyyar zamani kimiyya ce," in ji shi ga duk wanda tsautsayi ya sa ya gaishe shi. "Ni ba na tambayar yaro daga ina yake, domin yaro yana ƙarya. Tauraron ɗan'adam kuwa ba ya ƙarya. Ina kan kujerata, amma idona yana bayan ɗana."

Gaskiya ya faɗa wajen kujera. Ta lotsa da shi. Auta yakan wuce ta gabansa ya shiga ɗaki, Yallaɓai ba zai ɗaga kai ba sai ɗigo ya iso gida, sannan ya ce wa waya sannu da zuwa.

Wanda ya san sauran labarin shi ne Tela, da shagonsa ke bango ɗaya da ajin darasin yamma da Auta ke zuwa. Shekara talatin yana kan keke, bayansa ya ranƙwafa, bakinsa ya gaji da magana. Kullum ƙarfe huɗu yara sukan leƙo: "Baba Tela, a taimaka mana da caji." Da fari ya ɗauka malaminsu ne ya hana shiga da waya. Sai ya lura in sun fita ba dama suke yi zuwa aji ba, hagu suke yi, zuwa filin bayan tashar mota. A can wasu samari ke wasa da babur suna ɗaukar bidiyo don a kalla a yaba. Auta ya fi kowa rashin nauyi, don haka shi ake sa wa ya miƙe tsaye a kan sirdi, babur na gudu, hannuwa a buɗe. Bidiyon ya shiga wayar kowa a unguwa, har ta mai sayar da gawayi. Waya ɗaya ce bai shiga ba, domin mai ita taswira kawai yake kallo.

Tela ya daina karɓar caji. Yaran ba su yi fushi ba. Suka koma cusa wayoyin a buhun ƙyallayen da ke bakin ƙofarsa.

Ranar da Yallaɓai ya kawo yadi a ɗinka masa rigar da zai sa a taron iyaye, inda zai gabatar da lacca a kan sa ido, Tela ya ajiye almakashi ya ce, "Yallaɓai, akwai maganar Auta."

"Tela, Tela," in ji Yallaɓai cikin tausayi, "kai ka san zare, ni na san fasaha. In na koya maka sa maɓalli ka yi min dariya. Ka faɗaɗa min aljihun ƙirji, a nan waya za ta zauna."

Tela ya faɗaɗa aljihu. Wanda ya ƙi ji ai ba ya ƙi gani ba.

Ran Laraba ya ga Auta ya sake yin hagu, sai ya ja ƙofar shago ya nufi gidansu. Uwar Auta ba ta yi mamaki ba. Ta ce wata biyu ke nan tana wanke wanduna masu warin fetur da yagaggiyar gwiwa, ta faɗa wa maigida sau uku, sau uku yana nuna mata ɗigo. An bar jaki ana dukan taiki. Ta yafa mayafi, suka tafi da ƙafa.

Sun makara da kaɗan. Sun tarar da Auta a ƙasa, hannun dama ya lanƙwashe inda babu gaɓa, samarin sun yi da'ira, kowa da wayarsa a sama. Babu wanda ya sunkuya. Tela ya saɓa yaron a ranƙwafaffen bayansa har bakin titi, ya tare mota, uwar ta wuce da shi asibiti. Ta kira mijinta sau huɗu, ya katse, domin yana gaban madubi yana bitar lacca.

Tela ya dawo shago ya tarar da Yallaɓai a tsaye, ya zo gwajin riga, yana duba agogo.

"Yallaɓai, ɗanka yana asibiti. Ya karye a hannu."

Yallaɓai ya yi murmushin masu ilimi. Ya zaro waya, ya kai ta hancin Tela. "Ga ɗana nan a darasi. Ka ga illar jita-jita? Gobe da wannan zan buɗe lacca. Bari in sa wayarsa ta yi ƙara, ka ji ta bayan bangon nan da kunnenka."

Ya danna. Buhun ƙyallaye ya ɗauki kuka a gefen takalminsa.

Ya dubi buhu, ya dubi taswira, ya sake duban buhu. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "To ai na'urar ba ta yi kuskure ba. Nan ɗin ta nuna."

"Ko kaɗan," in ji Tela, yana kakkaɓe ƙurar filin daga kafaɗarsa. "Wayar kam ta samu tarbiyya, Yallaɓai. Wata biyu ba ta yi fashin darasi ba. Yaron ne dai ba shi da mai dubawa. In za ka asibitin, ka tambayi uwarsa ta nuna maka shi."