Rasuwar Hatsuyuki a Hawa na Talatin

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da ya ƙi kwanciya, dattijo Kuniharu Segawa na Omiya a ƙasar Japan, mai renon bonsai, wato ƙananan bishiyoyin ado na cikin tukunya, yana sanar da abokan sana'a rasuwar bishiyarsa Hatsuyuki.

Marigayiyar ta zo hannunsa tana ɗan reshe kamar tsinken tsintsiya, tun gashin kansa na baƙi. Shi ya naɗa mata waya don lanƙwasa rassanta, shi ya kwance kafin ta ci fata. Mai haƙuri ce. Ba a taɓa jin muryarta ba, sai ɗan "shuu" idan iska ta ratsa ta.

Ciwon ajali ya faro ranar da dattijo ke kwance a asibiti, ɗansa ya sayar da ita ga wani Tatsuo Mizoguchi, attajirin Tokyo, irin waɗanda ke sayen shekarun wasu a tukunya. Ko yaron goye ya san bishiya kwana biyu take a ɗakin baƙi, a mayar da ita ga rana da raɓa. Shi kuwa ya dasa ta gaban na'urar sanyi a gidansa da ke hawa na talatin tsawon bazara, yana ce wa baƙi, "Ai reshen nan sai da na sha fama da shi." Mutumin da bai san ta ina ake riƙe almakashi ba.

Irin wannan bishiya takan mutu ganyenta na kore. Wata guda ya yi yana shayar da gawa, yana ɗaukar hoto da ita. Da ta yi ja, ya aiko da ita a kwali, ya ce a riƙe masa tukunyar.

Ta bar maigidanta dattijo, wanda har yau yake tsayawa da butar ban ruwa gaban gurbinta. Ta bar ƙanwa guda, da aka yanko daga jikinta, wadda Mizoguchi ya ce a goge masa, zai zo ɗauka ranar Lahadi.

Za a yi jana'iza ranar Asabar a dutsen Chichibu. Dattijo zai goyi ƙanwar don rakiyar gawa. A can zai fasa tukunyar ƙanwar, ya kwance wayar, ya dasa ta a ƙasa, ta yi girma yadda ba mai son saye. Shi kaɗai zai sauko.

Mizoguchi ya huta da zuwa, hanyar da hawa.