Yadda Na Kori Matan Timia da Kalma Guda

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba a Dagmanet ba, ko da na so. Lokacin ina sabon ɗauka a wata ƙaramar ƙungiya mai taimaka wa masu garka, wato manoman lambu. Aka ba ni aikin rubuta takardar koyon wata aplikasiyo ta portabul, wato wayar hannu, wadda matan koperatif na Timia za su riƙa shigar da yawan lemu da rumman da suka tsinka.

Aplikasiyon da Hausa take, kowane buton da sunansa: Ajiye, Koma, Fita. Ni kuwa kowane shafi da irin kwalliyar da na yi masa. Nan in rubuta sunan buton da manyan baƙaƙe, can in ja masa layi, inda na gaji kuma in bar shi tsirara cikin sauran kalmomi. Abokiyar aikina Rakiya ta duba ta ce, "Kai, zaɓi tsari guda ka tsaya a kai mana." Na ce mata masu karatu ba yara ba ne. (Har da ɗaga kafaɗa, Allah Ya yafe mini.)

Ranar formasiyo, wato Larabar da za a koya wa matan aplikasiyon, shugabarmu ta taso daga Yamai don ta gani da idonta, kuma kwantiragina yana hannunta. Da na ji ƙarar motarta, na ce da matan, "Iyayena, ku bi takardar nan layi-layi. Duk abin da ta ce, shi za ku yi." Na fita tarbo.

Na daɗe ina gaisuwa, ina cika baki. Muna isa bakin ɗakin da na bar matan ina cewa, "Madam, yanzu za ki ga yadda suka ƙware," sai ga mata suna fitowa a jere, kowa da jakarta a kafaɗa. Shugabarsu, Hajiya Mariama, tana gaba.

"Hajiya, lafiya? Ina zuwa?"

"Lafiya lau, ɗana. Takardarka ce ta sallame mu."

Ta nuna mini layin ƙarshe. Da hannuna na rubuta: In kin gama, sai fita.

Madam ta karɓa, ta gyara tabarau, ta karanta. "C'est un bouton ou c'est un ordre?" Wato buton ne ko umarni? Bakina ya buɗe da kansa, na ji na ce, "Madam, ya danganta." (Har yau ban san da me ya danganta ba.)

Kafin in gama gumi, rabinsu sun kama hanyar kasuwa. Haka na hau moto, wato babur, da kaftanina na sallah ina bin iyayen mutane rumfa-rumfa, ina roƙonsu su dawo.

Kwantiragin ya tsira, bayan na sake takardar daga farko. Tun daga ranar, kowane sunan buton baƙi wuluk nake rubuta shi, da kalmar "danna" a gabansa, shafi na farko har na ƙarshe. Na gane mai karatu ba ya cikin kaina, abin da ke kan takarda shi yake bi. Godiyata guda ce: aplikasiyon ba ta da buton mai suna Jefar.