Ƙusar Malam Na-Taɓa-Zuwa

Allah Ya yi bayinSa iri-iri, amma da aka zo kan Malam Na-Taɓa-Zuwa sai aka yi masa ƙari. Masha Allah. Mutum ne da ya san ƙasar waje ciki da bai, don ya taɓa zuwa sau ɗaya. Masu baƙin ciki dai suna cewa canjin jirgi kawai ya tsaya yi, ko ƙofar filin bai leƙa ba. Allah Ya raba mu da hassada. To da makaranta za ta kai ɗalibai gasa can, wa za a ba jagora in ba shi ba?

Tun ba a tashi ba ya kafa ƙusa a bangon ofishin malamai, sama da hoton shugaban makaranta kaɗan. Nan za a rataye hotonsa yana jawabin sauka, mutanen can suna tafi. Ya kuma sa aka buga masa ƙyalle mai faɗin zanin gado, fuskarsa a tsakiya tana murmushi, yara za su riƙe a bayansa.

A filin jirgi ya ga yaran cikin rigunan sanyin da uwayensu suka wahala suka saya. Ransa ya ɓaci.

"Haka za ku shigar mini hoto, kamar buhunan gawayi? Kowa ya tuɓe. Sanyin can sanyi ne mai tarbiyya, ba ya taɓa mai ilimi."

Aka cusa rigunan a ƙatuwar jaka, har da tasa, aka miƙa ta wajen kaya. Ƙyallen kam a hammatarsa ya riƙe.

Sai jirgi ya ƙi tashi. Aka ce a jira. Malam ya gyara tsayuwa.

"Kada ku damu. Matuƙin ya ji ina ciki, shi ya sa yake sake duba tayoyi."

Aka ɗaga tafiyar, ya tara yaran ya gwada musu jawabin. Aka sake ɗagawa, ya sake gwadawa. Har wata tsohuwa a kujerar gefe ta haddace shi, in ya kakare ita ke jan masa baki. Daga ƙarshe aka sauya musu jirgi. Ita jaka, baiwar Allah, ba wanda ya gaya mata. Ta yi zamanta a cikin na farkon.

Da suka sauka, masu tarba sun gaji sun koma gidajensu. Direban bas kaɗai ya rage, ya kulle kansa a mota yana yafito su da hannu. Ƙofar nan mai buɗe kanta ta buɗe, iska ta wanka musu mari. Ashe sanyin bai yi makaranta ba. Yaran suka zubar da ƙyallen da ya miƙa musu su riƙe, suka kwasa a guje sai cikin bas.

Malam ya so ya bi su, sai ya tuna ƙusa. Ya tsaya cikin yadinsa shara-shara, ya yi wa wata ɗaliba alama ta ɗauki hoto ta taga. Ya ɗaga hannu.

"A madadin..."

Nan haƙora suka karɓe jawabin. Kaf-kaf-kaf, ba waƙafi ba aya, kuma wallahi sun fi shi iya magana. Direba ya danna hon. Malam ya ɗauka tafin can ke nan, ya rusuna ya gode. A rusunawar iska ta shige masa ta wuya, ta zagaya inda ta ga dama. Bawan Allah ya wawuri ƙyallen nan ya naɗe jikinsa, ya arce wajen mota, ya ma wuce ƙofar. Yarinya kuwa an ce ta ɗauka, ta ɗauka.

Yanzu hoton na nan a kan ƙusar, malamai ne suka rataye masa don girmamawa. Kansa bai fito ba, yana cikin ƙyalle. Amma fuskar ta fito tas, daidai kan mazaunai, tana ta murmushi. Allah Ya rufa mana asiri gaba da baya.