Rautar Suwaiba Ta Rasu Tana Kan Aiki

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ta daina jin nauyinsa, ni Lado na bayan makarantar firamare a Kudan, a madadin 'ya'yana Yahuza da Rahama, ina sanar da 'yan'uwa da maƙwabta, da samarin da ke zaman dakalin ƙofar gidana da waya a hannu, rasuwar rautar gidanmu, 'yar farar na'urar nan mai ƙaho biyu da ke ba mu waifai. Ta rasu ranar Asabar da ta wuce, bayan la'asar. Ban buɗe da innalillahi ba, don kada malamai su ce na yi wasa da abin da ba na wasa ba. Wannan kalma na riga na faɗe ta a kan mai rautar, matata Suwaiba, da Allah Ya yi wa rasuwa bara lokacin saran rake.

Masu tambayar abin da ya same ta su huta. Babu abin da ya same ta. Tsawa ba ta faɗa mata ba, ruwa bai shige ta ba. Ni na zare ta da hannuna, korayen fitilunta suna ci.

Marigayiyar ta shigo gidan nan a cikin leda, shekarar korona, lokacin da aka rufe makarantu Rahama tana neman inda za ta yi karatu. Suwaiba ce ta sayo ta a Zariya ba tare da shawarata ba, don ta san zan ce a'a. Wuni guda ta yi tana yawo da ita a tsakar gida kamar mai neman inda za a haƙa rijiya, daga bakin rumbu zuwa zaure, har ta gano cewa duk faɗin gidan nan saman ƙofar madafa ne kaɗai ake samun sabis. Nan ta buga ƙusa ta rataye ta, ta kifa mata faifai saboda ɗigar ruwa. Tun daga ranar ba ta sauko ba sai Asabar ɗin nan.

Mun shaide ta da haƙuri. Ta sha hayaƙin kara da na itace har farinta ya koma ruwan ƙasa, ba ta taɓa yin ƙorafi ba. In an ɗauke wuta sai ta koma kan ɗan batirin solarmu ta ci gaba da aikinta. In hadari ya haɗo takan yi jan ido na ɗan lokaci, sannan ta huce. Ba ta da surutu. Duk maganarta wani siririn "ziii" ne, shi ma sai ka kai kunne.

Abu ɗaya ne ba ta taɓa bayarwa ba, wato lambar sirrinta, kuma wannan tarbiyyar mai ita ce. Duk wanda yake son shiga sai ya miƙa wa Suwaiba wayarsa, ta juya baya ta danna, ta miƙo masa. Har ni mai gidan. Na taɓa nuna fushina, sai ta ce, "Malam, kai bakinka ba ya riƙe magana. Ka sani da safe, kafin azahar duk Kudan ta sani." Na yi kwana biyu ina cin tuwo ba yabawa, amma gaskiya ta faɗa.

Da Suwaiba ta rasu, ta tafi da lambar rautar, ta kuma tafi da lambar buɗe wayarta. Wayar tana nan a kan akwatinta, a kulle, a jikin caji. Yahuza ya gargaɗe ni cewa in ta mutu sau ɗaya shi ke nan, don haka ban taɓa barin ta mutu ba. Matan unguwa suna da zaurensu a waya inda suke sanar da biki da suna da wanda ba shi da lafiya, kuma ba su cire lambarta ba. Maƙwabciyarmu Bernice, mai ɗinki, ita ke riƙe da zauren. Ta ce mini, "Baba Lado, na sha ɗauko wayar zan cire ta, hannuna ya ƙi." Saboda haka kullum da safe, in mata sun fara gaisuwarsu, rautar takan ɗauko saƙon ta kai wa wayar Suwaiba, wayar ta yi haske ta ce "ɗilin, ɗilin". Ba na iya karanta ko ɗaya. Ina dai zaune a gefe ina shan koko, ɗakin yana motsi kamar da mutum a ciki. Wannan shi ne babban aikin marigayiyar a shekararta ta ƙarshe, kuma ba ta taɓa fashi ba.

Ciwon ajalinta ba daga jikinta ya fito ba. Rahama ce ta haihu a Fatakwal, inda mijinta ke aiki, aka sa wa yarinyar sunan Suwaiba, suna kiranta Ummi. In sun kira ni ta bidiyo don in gan ta, sai marigayiyar ta kasa. Kunne nakan gani, ko gefen hula, sai fuskar ta daskare ta farfashe, wani ɗan zobe ya yi ta juyawa. Rahama tana cewa, "Baba, kana ganinta? Dariya take yi maka." Ni kuma in ce ina gani, alhali ba abin da nake gani.

Yahuza ya zo daga Kaduna da sabuwa a kwali, wata mai tsayi marar ƙaho. Na ce abu yana aiki, don me za a cire shi? Ya ce, "Baba, aiki take yi, amma aikin da ne." Na ce ni ma na da ne, sai a zare ni. Batirin solar ba zai ɗauki biyu ba, layin da ke ciki kuma ɗaya ne, dole ɗaya ta sauka. In tsohuwar ta sauka, wayar Suwaiba ba ta san sabuwar ba, kuma babu mai buɗe ta ya gabatar da su. Kwalin ya yi damina guda a ƙarƙashin gado.

Da Yahuza ya dawo, sai ya zo da dabara. Wai zai iya tono lambar daga wayata ya saka wa sabuwar, har da sunan tsohuwar, wayar uwarsa ba za ta ma gane an canza ba. Yaron da kyakkyawar niyya ya faɗa. Amma maganar ba ta kwanta mini ba. Abin da Suwaiba ta hana ni tana da rai ba zan sa a tono shi a bayan idonta ba, kuma ban taɓa yi mata wayo ba, ba zan fara da wayarta ba. Na ce masa ya bari.

Sai ranar Alhamis Rahama ta kira, kiran murya kawai, don ta gaji da na bidiyon. Ta ce, "Baba, Ummi ta fara zama. Mama ba ta gan ta ba. Kai ma so kake ta yi wayo ba ka gan ta ba?" Na ce ta gaida mijinta.

Ranar Asabar na jawo turmi na hau, na ɗaga faifan, na zare wayar wutar. Fitilun suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Na tsaya a kan turmin ina jiran in ji wani abu, ban ji komai ba, na sauko. Yahuza ya rataye sabuwar a ƙusar, ya kira ƙanwarsa. Na ga yarinyar tar, tana zaune tana tsotsar hannu. Goshin Suwaiba ne da ita, har da 'yar tattarar nan ta tsakiya in za ta ƙi abu. Na ce masha Allah. Suna jiran in ƙara wata magana, sai na ji kaina ina tambaya ko sun ci abinci.

Marigayiyar ta bar ƙusa ɗaya, da faifai, da samarin dakali waɗanda ba su ma san an yi rashi ba sai da wayoyinsu suka ƙi shiga. Ta bar ni. Ta kuma bar waya ɗaya a kan akwati.

Game da jana'iza, ba za a yi zaman makoki ba, kada kowa ya wahalar da kansa da kunu ko goro. Na goge mata hayaƙin jikinta, na naɗe ta a ɗankwalin mai ita, na sa ta a akwatin. 'Yan gwangwan kada su zo, ba ta sayarwa ba ce. Mai son lambar sabuwar ya tambaye ni, zan faɗa masa da ƙarfi, dama an ce bakina ba ya riƙe magana. Bernice, yanzu ki cire lambar Suwaiba daga zauren, ba laifi.

Ranar Juma'a, in an sauko daga masallaci, zan zare wayar Suwaiba daga caji ta bi rautar cikin akwatin. Ba a buƙatar kowa ya zo. Kafin nan tana inda take, a cike da caji. Yau ma na sha kokona a gefenta, ba ta ce komai ba.