Rasuwar Kujerar Babur ɗin Goggo Nedyalka

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fushin da ba mu ga dalilin ɓoye shi ba, ake sanar da mutanen Smrikovo rasuwar kujerar babur ɗin Goggo Nedyalka, ma'aikaciyar jinyar ƙauyenmu. Kai da ka tsaya kana karanta wannan takarda a jikin bishiyar ƙofar coci, tsakanin hotunan matattunmu, kada ka kaɗa kai kamar yau ka fara ji. A gabanka ta yi jinya. Ka gani, ka kau da kai.

An haifi marigayiya a masana'anta, siririya, mai tauri kamar dutsen niƙa. Wanda ya ƙera ta bai taɓa hawa hanyar unguwannin kan dutse ba. A shekarun farko, in Goggo Nedyalka ta isa can sama, sai ta jingina da shinge, ƙafar hagu a mace, ta jira jini ya dawo kafin ta iya riƙe allura. Da abin ya ishe ta, ta kai kujerar wurin Kawu Velko mai ɗinkin akumarin alfadarai. Ya sa ta zauna a kan buhun dusa, ta tashi, ya sunkuya yana duba gurbin da ta bari.

"Ke da alfadarina ciwonku ɗaya," in ji shi, "sai dai shi ba ya tsiwa."

"Ɗinka, Kawu, kafin in yi maka allurar da ba ka nema ba."

Ya rarake tsakiyar kujerar don ƙarshen ƙashin baya ya huta, ya faɗaɗa bayanta, ya ɗaga gabanta kaɗan don kada mahayiya ta zame kan tanki a gangara. Ya cusa busasshen kara a ƙasa kamar yadda yake yi wa alfadarai, gashin tumaki a sama, ya rufe da fatar akuya. Ranar ce haihuwarta ta gaskiya.

Marigayiya mai haƙuri ce. Ta sha ruwan sama, ta kwana cikin dusar ƙanƙara, ba ta taɓa zaɓar gidan da za a je ba. Ta ɗauko masu naƙuda, ta ɗauko tsoho da karyayyen hannu, ta sauko da buhunan dankalin godiya. Maganarta ba ta da yawa. In an zauna mata takan ce fuuu, kamar mai sauke ajiyar zuciya. A ramukan hanya kuwa, ƙiƙi, ƙiƙi, shi ke nan ƙorafinta.

Ciwon ajalinta ya fara da bazara, lokacin da ɗinkin gefe ya tsinke, kara ya leƙo waje. Goggo Nedyalka ta manna filastar asibiti, ruwa ya ɓare ta. Ta koma wurin Kawu Velko, ta tarar hannunsa na rawa, basilla ba ta tsaya masa. Ya ce idonsa na gani sarai, a ba shi sabuwar fata da wani mai hannu, ya nuna masa inda zai soka. A ƙauyen da kowane gida ke da garke, fata ɗaya ta gagara. Magajin gari ya ce a bari a gama haƙar dankali. Mazan shagon gahawa kuwa abin ya zama musu wasa: "Goggo, kujerarki ta fara gemu, a nemo mata wanzami?"

Marigayiya ta cika ranar Talata da hantsi, a ƙofar wannan shagon. Goggo Nedyalka ta shiga ciki duba hawan jinin mahaifiyar mai shagon. Akuyoyin Dancho makiyayi suka zo wucewa, ɗaya ta ji ƙanshin kara, ta ja, sauran suka rufu. Teburi biyu cike da maza masu buga karta suna kallo. Babu wanda ya tashi, domin wanda ya ajiye kartarsa, na kusa da shi zai leƙa.

Da ta fito ta ga ƙarfe tsirara da tsumman fata, ba ta ɗaga murya ba. Ta dubi akuyoyin, ta dubi mazan, ta cire rigar sanyinta ta ninke a kan ƙarfen, ta hau. Kaka Rayna na can unguwa mafi nisa da ciwon suga da miki a ƙafa, kuma mikin ba ya jiran kowa. Ta je, ta wanke shi, ta dawo. A ƙofar gidanta ta kasa sauka, sai maƙwabta ne suka ɗauke ta kamar buhu. Likitan birni ya duba bayanta ya ce in ta sake hawa ƙarfe a wannan hanya, ita ce za a riƙa kai wa ziyara.

'Yarta Tsveta ta kira daga Sifen. Duk layin ya ji, don Goggo ba ta iya rage muryar waya. "Mama, ki bar su da akuyoyinsu. Na kama miki wuri a bas ɗin Lahadi." Goggo ta ajiye wayar. Tana kwance tana kallon dutsen ta taga, akwatinta kuma an riga an sauko da shi daga kan kabad.

Marigayiya ta rasu ta bar babur wanda ba ya hawuwa, da jakar magani a rataye, da tsofaffin kan dutse waɗanda motar asibiti ba ta isa wurinsu. Ta bar Kaka Rayna, wadda ba a buɗe ɗaurin ƙafarta ba tun Talata, kuma kowa ya san abin da likitoci ke yi wa irin wannan ƙafa in ta yi baƙi. Ba wata ma'aikaciya da za a turo mana. Kun sani.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da safe a gidan Kawu Velko, a binne abin da akuyoyi suka rage a bayan rumfarsa. Ba a buƙatar furanni. Ku bar kyandirori a gida, dafaffiyar alkamar sadaka ma an yafe. Dancho ya kawo jemammiyar fata, ya san dalili. Masu tumaki su kawo wankakken gashi. Mazan shagon gahawa su zo da yatsunsu, tsohon zai nuna, su kuma su ɗinka, ko da za su huda tafin hannu. Wani mai alfadari ya ɗaura masa akumari tun yau, ya sauko da Kaka Rayna a duba ƙafarta.

Kai kuma mai karatu, kada ka ce Allah ya jiƙanta ka wuce. Bas ɗin Lahadi ba ya makara. Ka zo Asabar, ka riƙe basilla.