Ɗan Lodin Albasa Da Bandejin Gyambo

Wani ne a Unguwar Rogo, ɗan lodin albasa. Ba cikin masu ɗauka a ka yake ba, shi mai ɗauri ne. Idan an gama jera buhuna a kan tirela, shi ake kira ya hau da igiya. Shekara talatin yana wannan aiki, shekara talatin kuma yana damun mutane da magana ɗaya:

"Buhu ɗari in na ɗamre Sakkwato, ɗari za su sauka Ikko. Ko guda bai taɓa ɓacewa ba."

A wajen suna ya faɗa. A wajen gaisuwar mutuwa ma, ana gama shafa fatiha zai juya ya faɗa wa na kusa da shi.

To, tsayuwar shekara da shekaru ta haifar masa da gyambo a ƙwaurin hagu, sama kaɗan da idon sawu. Shekara huɗu yana fama. Babu abin da bai zuba ba. Ya zuba garin bagaruwa, ya zuba toka, ya zuba man birki, har baƙin garin cikin batir. Gyambo ya ci ya ƙoshi ya ƙara faɗi. Ƙudajen unguwa sun fi mai unguwa sanin mutumin nan. In ka ga sun karyo kwana a lungu, ka shimfiɗa tabarma kawai, yana tafe.

Rannan ya zo hawa tirela, ƙafa ta ce ba da ita ba. Ya rataye a jikin mota yana kiran sunan Allah har aka sauko da shi. Shugaban 'yan lodi ya ce ya je gida, kada a ƙara ganin sa sai ƙafa ta warke. Ga shi saura wata guda albasa ta shigo kasuwa. Ƙafar nan da ita yake hawa, da ita yake ci, da ita yake cika baki. Hankalinsa ya tashi.

Matarsa Iyatu ce ta je ƙaramin asibitin unguwa. A can akwai wata malamar asibiti, Zulaihatu, wadda ke bin gida-gida tana duba masu tsohon ciwo. Ta zo da jakarta, ta gaishe shi, ta wanke gyambon tas. Ta ɗora wata 'yar na'ura a bayan ƙafarsa ta saurari bugun jini.

Ta ce, "Baba, jini shina sauka lahiya lau. Komawa bisa shi ka yi mishi wuya, sai shi taru ƙasa. Shi yas sa ciwon ba shi warkewa. Bandeji za mu sa mai matsi, shi taimaka mishi hawa."

Ta lulluɓe ƙafar da auduga. Ta kama naɗa bandeji daga gindin yatsu, ta matse a idon sawu, tana hawa tana sassautawa har ƙasan gwiwa. Ta manna filasta. Mutumin yana kallon hannunta, ya taɓe baki kamar an ba shi kunun da ba sukari.

"Ɗiyata, kin gama?"

"Na gama, Baba."

"Ina ƙulli?"

"Ba a yi mishi ƙulli."

"Ba ƙulli? Hm! Wanga ɗamri naki ko nan kusa Boɗinga ba shi kaiwa."

Ta yi dariya ta ce, "Ba tahiya za shi yi ba, Baba. Kak ka taɓa shi, kak ka jiƙa shi. In za ka alwala ka shahwa bisa. Ka riƙa ɗan zagayawa, in ka zamna ka aza ƙahwa bisa matashi. In yatsu sun yi sanyi ko sun sake launi, a kira ni maza. Bayan sati ina dawowa. In Allah ya so, wata ukku ka warke."

"Wata ukku? Ke kin hwaɗa ma albasa ta jira ni?"

Ta ɗauki jakarta ta tafi.

Bayan mako ta dawo ta kwance. Jama'a, sai ga gyambo ya tsotse, bakinsa ya fara haɗuwa, kumburin ya saɓe. Ƙudaje ma sun ragu, sai 'yan tsirarun da suka daɗe da shi. Iyatu ta rangaɗa guɗa. Shi kuwa gogan ya ƙura wa ƙafar ido yana shafa gemu.

"Ɗiyata, wai matsin nan shi na magani?"

"Awo, Baba."

"Ba abin da kika shahwawa ciki ba?"

"Shi ma shina da amfani, amma matsi shi na babba."

Baiwar Allah har murna take, wai tsoho ya gane. Ta naɗa sabo ta tafi.

Tana fita ya kama tunani, kuma duk masifar mutumin nan daga tunani take farawa. Yarinyar da ko ƙunshin goro ba ta taɓa ɗaurewa ba, da ɗan hannunta na riƙon allura, ta rage gyambo a mako ɗaya. To ina ga gwani ya sa hannu? In matsinta wata uku ne, matsi uku irinsa wata guda ke nan. Daidai shigowar albasa.

Washegari da la'asar ya aika aka kira masa Arzika, abokin aikinsa da suke jan igiya tare. Ya ce ya zo da roba, ta tsohon tiyub ɗin tirela, ba ta babur ba.

Arzika ya zo ya dubi ƙafa, ya dubi roba. Ya ce, "Anya kuwa? Ba a bari malama ta dawo?"

"Dibi aikin da tay yi, don Allah. Ta matse ƙasa ta bar bisa sako-sako. Kai tun da kake, ka taɓa ganin an yi lodi haka? Daga ina kaya ka zamewa?"

"Daga bisa."

"To mi kaka jira?"

Suka kama aiki. Suka bi kan bandejin da roba, falle uku. Da aka zo ƙasan gwiwa, Arzika ya tokare ƙafarsa da cinyar mutumin kamar yadda yake tokare jikin mota, ya ja da ƙarfinsa duka yana nishi, mutumin yana zuga shi.

"Hai!"

"Ƙara!"

"Hai!"

"Ƙara, ba ka ci tuwo ba?"

Sai aka zo wajen maƙala bakin roba. A jikin tirela akwai ƙugiyoyi, a ƙafar ɗan Adam babu. Mutumin ya duba ya duba, sai ya yi murmushi.

"Ga ƙugiya nan Allah ya yi. Biyu ma."

Ya jawo robar ƙasa, ya zagaye ƙananan yatsun ƙafarsa biyu da ita, ya yi irin ƙullinsa da ya ce ko aljani ba ya kwancewa. Sannan ya ja robar da yatsa ya saki, ya kasa kunne. Haka yake gwada igiya a tasha.

"Ba ta yi amo ba. Sai an murɗa."

'Yan lodi in igiya ta ƙi tsayawa, sanda suke zurawa su murɗa. Ba sanda a kusa. Arzika ya leƙa tsakar gida ya ɗauko muciya. Ya zura, ya murɗa sau ɗaya, mutumin ya ce wash. Ya murɗa na biyu, hawaye suka zubo. Ya murɗa na uku, hularsa ta faɗi.

Daga madafa Iyatu ta ɗaga murya: "Wa yaɗ ɗauki muciyata? Ruwan tuwo na tahwasa!"

"Tana wurin aiki!"

Ta fito ta ga muciyarta a tsaye a jikin ƙwaurin mijinta. Ta yi salati ta tafa hannu.

"Malam, mi za ni gani? Kuka hwa kakai!"

"Ba kuka na ba. Magani na ka shiga. Ke koma ki tuƙa da ludayi."

Bai tsaya nan ba. Ya tuna an ce ya ɗora ƙafa a kan matashi. Ya ce matashi na masu wata uku ne. Ya sa Arzika ya zarga igiya a azarar ɗaki, aka ɗage ƙafar har ta kusa taɓa rufi. Ya kwanta rigingine, ƙafa a sama, muciya a gicciye. Maƙwabta suka yi ta shigowa sannu, suna fita suna toshe baki da mayafi.

Kafin magariba yatsun sun kumbura sun yi jawur. Iyatu ta ce, "Malama ta ce in sun sake launi a kira ta."

"Albasa ma in ta ƙosa ja takan yi. Kawo wayar nan."

Ya karɓe wayar ya tura ƙarƙashin bayansa ya danne.

Da gari ya waye, sai ga shi yana ƙwala mata kira cikin murna.

"Iyatu! Iyatu! Zaka da allura!"

Ta zo.

"Tsikari nan. Ƙaramin yatsa."

Ta tsikara.

"Kin tsikara?"

"Na tsikara."

"Walle ban ji komi ba! Ƙara!"

Ta ƙara.

"Allahu akbar! Shekara huɗu ƙahwag ga na yi min zugi, yau kwana guda ta yi shiru! Na warke! A aika tasha a ce su aje min igiyata!"

Iyatu ta dubi yatsun. Jiya ja ne, yau biyun nan da aka yi ƙugiya da su sun koma launin baban rini. Ƙudaje kuma sun dawo, har da baƙi daga wata unguwa, duk sun taru a kansu.

"Malam, dibi ƙudaje."

"Kin gani ko? Sun bar gyambo. Ko su sun san an rufe kasuwa."

Tsoro ya kama matar nan sosai, don ta san abin da take gani ba warkewa ba ne. Ta yafa mayafi ta ce za ta sayo sabuwar muciya. Ya ce ta sayo mai kauri, ko zai buƙace ta. Tana fita ta miƙe asibiti da sauri har takalminta yana fita.

Zulaihatu ta shigo tana haki. Ta ga ƙafa a azara, ta ga roba, ta ga muciya. Jakarta ta faɗi.

"Innalillahi! Baba, wa yay yi maka wanga aiki?"

"Gwani. Zamna ki koya."

Ta zaro almakashi. Mutumin ya zabura har igiyar ta yi lilo da shi.

"Ke! Kak ki yanka! Robar tirela ta, ba a samun irinta yanzu!"

"To kwance!"

Ya miƙa hannu, bai kai ba. Aka kira Arzika da gudu. Ya sa farce, ya sa haƙori, ƙulli ya ce bai san zance ba. Mutumin daga kwance har wani daɗi yake ji.

"Na hwaɗa muku ba shi kwantuwa."

Zulaihatu ta ture Arzika ta datse robar. Muciya ta yi tsalle ta bugi ƙyaure. Da jini ya sami hanya ya kwararo cikin ƙafar, mutumin ya kurma wani ihu, an ce har a Ƙofar Rini sai da wani mai shayi ya ɓarar da buta.

"Kin gani! Kin dawo min da ciwo! Da na warke!"

Aka cusa shi a keke napep sai babban asibiti. Likitoci suka taru a kansa, wannan ya kira wancan ya zo ya gani. Suka ce audugar da malamar ta sa a ƙasa ce ta cece shi, in ba don ita ba daga gwiwa za a datse. Ƙafa ta tsira da ƙyar. Amma ƙugiyoyin nan biyu sun riga sun mutu, dole aka cire su. Gyambo kuwa ya koma ya fi da.

Yana kwance albasa ta shigo. Wasu suka hau suka ɗaure, motoci suka tafi Ikko suka sauke lafiya. Da Arzika ya kawo masa wannan labari, ya juya fuska bango, ya yini bai ci abinci ba. Abin ya fi cire yatsun yi masa ciwo.

Aka sallamo shi. Zulaihatu ta dawo duba shi a gida kamar da, sai dai yanzu ba wata uku take cewa ba, shida. Ranar farko ɗakin ya cika da 'yan lodi da suka zo dubiya. Ta wanke, ta sa auduga, ta matse a idon sawu, ta hau tana sassautawa. Mutumin ya yi tsit har ta gama. Iyatu ta yi hamdala a ranta, ta ce wuya ta koya masa hankali.

Malama ta manna filasta ta fara haɗa kaya. Sai ya sunkuya a hankali, ya ja bakin bandejin da yatsa, ya saki, ya kasa kunne. Ya girgiza kai. Ya dubi abokan aikinsa, ya dubi yarinyar.

"Ɗiyata, ba raini ba, amma har yau hannunki bai hwaɗa ba. Ni nan da kika gani, shekara talatin, dut abin da na ɗamre sai ya isa inda za shi cif-cif. Tambayi waɗanga."

Zulaihatu ta rataya jakarta, ta dubi ƙafar.

"Na ji, Baba. Amma wanga lodi na ƙarshe, biyat kaɗ ɗamre, ukku sunka iso."